Sawun da Aka Bari a Lambun Shayi

Ma'aikatan lambun su biyu ne suka fara ganin gawar, bayan an sauko daga Juma'a. Ustaz Harisu yana kwance rub da ciki ƙarƙashin rumfar zana, tsakanin kunyoyin shayi. Sara uku aka yi masa da adda: ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannun da ya ɗaga don ya kare kansa, na uku a ƙeya. Jininsa ya bi ruwan da aka ba lambun da safe, ya gauraya da jar ƙasar wurin. Kunya uku ta tsirran shayi kuma an bi su da adda, an zubar.

Kakar riɗi ce ta shekarar 1986, a ƙauyen Hillat Hajjo, gindin duwatsun Basunda.

Shekara uku ke nan da cibiyar binciken noma ta ƙasa ta turo Harisu nan. Ƙasar nan babu gidan da ba a ɗora shayi sau uku a yini, amma a duk yankin Gadarif ko ganye ɗaya ba a nomawa, sai dai a sayo daga waje. Cibiyar tana so ta gani ko itacen zai yarda da gindin duwatsu, inda ruwan sama ya fi yawa kuma ga idon ruwa. Baƙar lakar Gadarif ba ta karɓar shayi, don haka sai da aka yi ta jido jar ƙasa a motoci daga nesa. Ban da renon tsirrai, an kuma ɗora wa Harisu duba ganyen shayin da ake sayarwa a kasuwannin yankin. Ɗan garin Mafaza ne, jikan alhazan da suka yada zango a hanyar Makka, ya yi karatu ya dawo cikin danginsa.

Kafin la'asar ƙauye duk ya hallara. Wani ya tsinci takalmin taya a busasshen rafi bayan lambun, jini ya bushe a kai. An ɗaure igiyar ƙafar hagu da wayar tagulla.

"Na Mudi ne!" in ji wani. "Wa bai san takalmin Mudi ba?"

Mudi makiyayi ne mai 'yan shanu goma sha ɗaya. Tun da aka kewaye idon ruwa da waya yake rigima da Harisu, har ya taɓa cewa a bainar jama'a wata rana sai ya sare itatuwan nan. Babu wanda ya tsaya wata tambaya. Taro ya juya ya nufi rugarsa, wasu da sanduna, wasu da lauje.

*

Umda Modibbo, dagacin ƙauyen, ya aika a kira Arzika.

Arzika ya haura sittin. Dā mai garke ne, farin da aka yi shekara biyu da suka wuce ya cinye masa shanu tas, ya zauna yana noman 'yar gonar dawa. Abin da fari bai ɗauke masa ba shi ne ido. Daga Basunda har Gadarif, in an sace raƙumi ko an fasa rumbu, shi ake kira ya bi sawu.

Da ya iso lambun ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai. Mutum ɗari sun shiga sun fita, sun tattake komai. Ya cire takalminsa, ya bi gefen kunyoyi a duƙe, yana ɗaga yankakkun tsirrai ɗaya bayan ɗaya. A kunya ta uku, ƙarƙashin tarin ganyen da aka sare, ya tsuguna. Ya daɗe a wurin bai motsa ba.

"Kawo mini daro," ya ce wa ɗaya daga cikin ma'aikatan.

Ya kife daron a kan wurin, ya ɗora dutse.

"Kai za ka zauna a nan. Ko Umda ne ya zo, kada ya ɗaga. Me ya hana Ustaz zuwa masallaci yau?"

"Zazzaɓi, Baffa. Kwana biyu yana fama. Shi ya ce mu tafi, zai kwanta a inuwa. Da safe ma ni na je kanti na sayo masa magani."

"An ɗauki wani abu?"

Ma'aikacin ya shiga ɗakin Harisu ya fito. Agogo yana nan, rediyo tana nan, keke yana jingine.

"Gwangwanaye ne kawai babu. Guda uku, ya liƙe bakinsu da kakin zuma, ya yi rubutu a jiki. Ya ce gobe Asabar zai ba motar cibiya ta kai babban ofis."

"Me ke ciki?"

"Ganyen shayi. Wanda Ummusalama mai shayi ta ba shi."

*

A ƙofar gidan Umda an ɗaure Mudi a jikin dalbejiya. Idonsa na dama ya fashe, jini da ruwa suna bin kuncinsa. An karya masa hannu, ƙashin ya turo fata. Can gabas hayaƙin bukkarsa yana tashi. Matarsa Lami tana durƙushe a gefe, goshinta a fashe, ta daina kuka sai ajiyar zuciya. Da Shawish Aliyu, sajan 'yan sandan Basunda, bai iso ya harba bindiga sama ba, da tuni an gama da Mudi.

"Halas, magana ta ƙare, Baffa Arzika," in ji shawish ɗin. "Ga takalmi, ga jini, ga wanda ya yi barazana. Da safe in sa shi a mota sai Gadarif."

"Bari in yi magana da shi."

Arzika ya tsuguna, ya jiƙa bakin rawaninsa ya ɗiga wa Mudi ruwa a leɓe.

"Ɗan ƙanena, takalminka ne?"

"Nawa ne, Baffa." Muryar da ƙyar take fita. "A ƙofar masallaci na cire. Da aka sallame na nema na rasa. Ba takalmi na koma gida. Na faɗa musu, wallahil azim na faɗa musu."

"Wa ya gan ka a masallaci?"

"Leburorin riɗi ne suka cika ko'ina. Cikin baƙi na tsaya. Wa zai shaide ni?"

Arzika ya ɗauki ƙafar Mudi ta hagu ya ɗora a cinyarsa. 'Yar siririyar ƙafa ce, gajera. Ya auna ta da taƙinsa, ya juya ta ya shafa dunduniyar da babban yatsa, sannan ya ajiye a hankali.

"Shawish, ka ba ni zuwa la'asar ɗin gobe."

"In na bar shi nan, mutanen nan za su kashe shi."

"Ka sa shi a ɗakin Umda, ka zauna a ƙofa da bindigarka. A kira mai ɗori."

Wani daga cikin taron ya yi ihu, "Tsohon makiyayi zai rufa wa ɗan'uwansa asiri!" Dutse ya taso ya sami Arzika a kafaɗa. Bai waiwaya ba.

*

Kanti ɗaya ne a Hillat Hajjo, na Alhaji Hamisu. Dogo ne, kakkaura, mai farar jallabiya da markubu, rufaffen takalmin fata irin na attajirai. Arzika ya same shi yana auna farin yadi.

"Likkafanin Ustaz ne," in ji Alhaji. "Sadaka na bayar. Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Zauna, ya Hajj Arzika, a kawo maka ruwa."

"Alhaji, an ce kai ka ga Mudi ya bar masallaci."

"Na gani. Ciki ya cika, sai na shimfiɗa darduma a waje, sahun baya. Liman yana fara huɗuba na ga ya zame ya bi bayan katanga. Na ɗauka alwala ce ta karye masa."

"Ka ga dawowarsa?"

"Ina sauraron huɗuba, ban kula ba."

"Kai da Ustaz kuna hulɗa?"

"Gaisuwa dai, sai in ya aiko sayen sukari. Lambun nan nasa ma ban taɓa sa ƙafata ciki ba. Ni ɗan kasuwa ne, ina ruwana da itace?" Ya naɗe yadin. "Amma in kana neman wanda ya ƙi jininsa ban da Mudi, ka leƙa wajen Tsoho, wakilin babbar gona. Sun kusa dambe a kan ruwa."

Aka binne Harisu kafin magariba. Arzika ya tsaya a bayan jama'a, bai kalli fuskar kowa ba. Ƙafafu yake kallo.

*

Da hantsin Asabar ya tafi gidan Ummusalama. Bazawara ce, shekara tara tana sayar da shayi a bakin kambo, wato zangon leburorin babbar gonar tarakta da ke yamma da ƙauyen. Ya same ta a zaune cikin zaure, hannunta na dama naɗe da tsumma daga wuyan hannu har gwiwa.

"Goggo, me ya sami hannun?"

Ta kwance tsumman. Fatar ta saluɓe, naman ja wur.

"Butata ce. Da ruwan da na tafasa da hannuna suka ƙona ni." Ta mayar da tsumman. "Sati uku ke nan leburori suka fara amai, wasu fitsarinsu ya koma jini. Biyu suka mutu, samari, 'yan ci-rani daga yamma. Sai aka ce ni ce nake zuba musu guba. Suka fasa mini kofuna, suka kife murhu, ɗaya ya ɗauki butar ya juye mini. Shekara tara ina ba su shayi, Kawu, wanda ba shi da ko sisi ma in ba shi."

"Sai kika je wurin Ustaz."

"Shi ya zo. Ya ce in ba shi ganyen. Tsaya ka ga abin da ya nuna mini."

Ta ɗauko kofin gilashi biyu ta zuba ruwan randa mai sanyi. Ta kwance ƙulli biyu daga bakin zanenta. A kofi na farko ta barbaɗa ganyen ƙulli ɗaya. Ruwan ya tsaya garau, ganyen yana yawo a sama.

"Wannan na gaske ne, Ustaz ya ba ni. Ya ce shayin kirki ba ya sakin launi a ruwan sanyi sai ya daɗe."

Ta barbaɗa na biyun. Nan take jajayen zare-zare suka fara sauka daga ganyen, kafin Arzika ya ƙifta ido ruwan ya rine.

"Ya ce tsohon ganye ne da aka riga aka dafa aka zubar. A tattaro, a shanya, a zuba masa jan rinin masu jima, a mayar buhu. Ya ce rinin ne ke cin ƙodar mutum. Ya ce in cibiya ta auna ta rubuta takarda, za a wanke ni, a kuma kama mai yi."

"A ina kike samun ganyen?"

"A rumbun kambo. Tsoho ke raba mana. Doka ce, duk mai sayar da shayi a bakin gonar, a wurinsa za ta karɓa."

"Ustaz ya gaya wa wani abin da ya gano?"

"Ranar Alhamis ya ce mini zai fara yi wa mai kayan magana a asirce, ko da shi ma cutarsa aka yi. Na ce Ustaz kada ka je. Ya yi dariya, zazzaɓi na kaɗa shi." Ta kau da kai. "Bai faɗa mini suna ba."

*

Tsoho shi ne wakilin mai gonar, shi mai gonar kuwa yana zaune a Gadarif, ba ya zuwa sai ranar awo. Sunan ne kawai Tsoho, ƙato ne da bai wuce arba'in ba. Arzika ya same shi ƙarƙashin tarakta yana ɗaure ƙusa, ƙafafunsa sun leƙo waje cikin manyan takalman direbobi. Ƙafa ce mai tsawo.

"An ce kun yi rigima da Ustaz."

Tsoho ya fito da sifana a hannu.

"Mun yi. Leburori ɗari uku nake shayarwa, shi kuma yana zuba ruwa a kan ciyawa. Na ce masa zan sa tarakta in baje rumfar. Na faɗa, ban ɓoye ba."

"Jiya lokacin huɗuba kana ina?"

"Gona. Riɗi in ya bushe ba ya jiran Juma'a. Mutum ashirin sun gan ni."

"Mutum ashirin da kake ciyarwa."

Tsoho ya cakumi wuyan rigar Arzika ya buga shi da jikin tarakta, har rawaninsa ya faɗi. Ya ɗaga sifanar.

"Ya zol, kai mutumin nan, ni kake so ka rataya? Don ka ceci wancan mai shanu?"

Leburori suka taso suka riƙe masa hannu. Arzika ya duƙa ya ɗauki rawaninsa, ya tofar da jinin da ya taru masa a baki.

"Tambaya ɗaya ta rage. Shayin da kake raba wa mata, kai kake sayowa daga Gadarif?"

"Ina na ga lokaci? Shayi, sukari, gishiri, man girki, duk daga kantin Alhaji Hamisu ake kawo su, kamar kowane kambo a yankin nan. Ka gama?"

"Na gama. La'asar ka zo lambu. Umda ne ke kira."

A hanyar komawa ya bi ta busasshen rafin. Daga bayan katangar masallaci zuwa bayan lambun, a cikin rafin, babu mai ganin mutum. Ya yi tafiyar da saurin dattijo, zuwa da dawowa, yana karanta a ransa huɗubar da limamin ya saba yi. Ya dawo bakin katanga huɗubar ba ta ƙare ba.

*

Bayan la'asar lambun ya cika. Umda Modibbo yana gaba, Shawish Aliyu da bindigarsa, Tsoho da leburorinsa, Ummusalama a gefe cikin mata. An ɗauko Mudi a kan gadon igiya an ajiye a inuwa. Alhaji Hamisu ya zo cikin dattawa, aka ba shi kujera kusa da Umda.

Arzika ya sa ma'aikatan sun baje jar ƙasa a fili, tsawon taku goma, sun yayyafa ruwa sun lallashe ta da katako. Sannan ya je ya ɗaga dutsen, ya buɗe daron.

"Ya Umda, zo ka gani. Shawish, kai ma."

Suka duƙa. Sawun takalmin taya ne na ƙafar hagu, zanen tayar ya fito raɗau, har da gurbin wayar tagulla.

"To ai takalmin Mudi ne," in ji Shawish.

"Takalminsa ne. Dubi bayansa."

A bayan sawun takalmin akwai wani ɗan gurbi mai kama da jinjirin wata, faɗin yatsa biyu.

"Dunduniya ce," in ji Arzika. "Wanda ya sa takalmin nan ƙafarsa ta fi takalmin tsawo, sai dunduniyarsa ta zarce ta taka ƙasa. Ƙafar Mudi ba ta ma cika takalmin ba. A baƙar laka busasshiya ba za a ga wannan ba. Amma wannan ƙasa ta Ustaz in ta sha ruwa ba ta ɓoye komai. Ku ƙara dubawa. Akwai tsagi ya ratsa dunduniyar, ya rabu biyu a ƙarshe. Tabon tsohon sara ne."

Mutane suka fara kallon ƙafafun juna.

"Ba na zargin kowa," in ji Arzika. "Duk namijin da ke nan zai cire takalmi ya taka ƙasar nan. Ni zan fara, Umda ya biyo, don kada wani ya ce an ci masa mutunci."

Ya taka ya wuce. Umda ya taka. Shawish ya cire takalmin aiki ya taka. Da aka zo kan Tsoho mutane suka matso, suna miƙa wuya. Ya cire takalman yana ƙunƙuni, ya taka da ƙarfi. Arzika ya tsuguna ya duba. Ƙafar ta kai tsawon, amma dunduniyar sumul take.

"Wuce," ya ce.

Aka yi ta takawa, ma'aikatan suna lallashe ƙasar bayan kowane mutum biyar. Dattawa suka taka ɗaya bayan ɗaya. Saura kujera ɗaya.

"Alhaji," in ji Umda.

"Haba ya Umda. Ni da na ba da likkafani? Ni da na ce ban taɓa shigowa nan ba sai yau?"

"Ni ma na taka, Alhaji. Ma'alesh, yi haƙuri ka tashi."

Alhaji Hamisu ya miƙe. Ya cire markubun dama, ya daɗe kafin ya cire na hagu. Ya hau jar ƙasar yana tafiya sannu, ƙafar hagu a kan yatsu kamar mai jin ƙaya.

"Alhaji," in ji Arzika, "sauke dunduniyarka."

Ya tsaya cak a tsakiyar filin.

"Sauke ta."

Nauyin jikinsa ne ya sauke ta. Da ya ɗaga ƙafar, ga tsagin nan a ƙasa, ya ratsa dunduniyar ya rabu biyu a ƙarshe.

Wani tsoho a cikin taron ya ce, "Faifan garmar tarakta ne ya sare shi, tun yana lebura. Ina wurin."

Arzika yana tsugune yana duba sawun lokacin da Alhaji ya zaro wuƙa daga kuben da ke ɗaure a damtsensa. Ya kawo masa suka a wuya. Arzika ya kauce, wuƙar ta tsarge masa hannu daga kafaɗa har gwiwa. Alhaji ya juya ya nufi ƙofa yana sara hagu da dama, ya yanki wani lebura a ciki, ya ture Umda ƙasa. Tsoho ne ya tare shi, ya maka masa katakon lallashe ƙasa a muƙamuƙi. Aka ji ƙarar ƙashi. Alhaji ya faɗi, haƙora biyu suka zubo a jar ƙasa.

Ummusalama ta ɗaga ƙonannen hannunta ta yi ihu, "Shayinsa ne ya kashe 'yan'uwanku! Shi ne!"

Leburori suka afka masa. Sanduna suka yi ta sauka. Yayan ɗaya daga cikin samarin da suka mutu ya kutsa da lauje, ya kafta masa a cinya, ya ɗaga zai ƙara. Arzika ya rarrafa da jini yana zuba daga hannunsa, ya kwanta a kan Alhaji.

"Jiya ma haka kuka yi!" ya ce da iyakar muryarsa. "Ga wanda kuka yi wa can a kan gado! Wannan kuwa gaban alƙali za a kai shi, da ransa!"

Sanda biyu suka same shi a baya kafin Shawish ya harba bindiga sau uku, taron ya ja da baya.

*

A ɗakin ajiyar kantin an sami buhu goma sha huɗu na tsohon ganye da ake tattaro masa daga rumfunan shayin Gadarif, da garwar jan rini. Gwangwanayen uku suna cikin ramin shara bayan gidan, tare da addar. Kakin zuman ma bai ɓalle ba. Motar cibiya ta tafi da su ranar Litinin, bayan sati biyu takarda ta zo da abin da Harisu ya riga ya faɗa. Aka bi kambo bakwai ana kwashe buhunan ana ƙonawa, cibiyar kuma ta turo mutum yana zagaya kasuwanni yana nuna wa mata masu shayi gwajin ruwan sanyi. A gaban alƙali a Gadarif, da muƙamuƙi a ɗaure, Alhaji Hamisu ya amsa cewa Harisu ya zo masa ranar Alhamis ya roƙe shi ya janye kayan da kansa. Ya amsa kuma cewa shi ya ɗauke takalmin Mudi a ƙofar masallaci, ya bi rafi ya je ya kashe Harisu. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Amma tun kafin wannan, kwana uku da taron lambu, Umda ya tara mutanen ƙauye. Ya ce duk wanda ya ɗaga sanda ranar Juma'a ya kawo itace da ciyawa, a je a gina wa Mudi bukkarsa, a ba shi haƙuri. Suka tafi da hantsi, mutum kusan hamsin, kowa da kaya a ka, babu mai kallon idon wani. Arzika yana biye, hannunsa rataye a wuya.

Suka tarar da toka da turakun shanu. Babu kowa.

"Ya Hajj Arzika," in ji Umda, "duba mana inda suka bi. Ba za su yi nisa ba, mutum da karaya. A tura mota a dawo da su."

Arzika ya zagaya tokar, ya bi ta arewa 'yan taku, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Tun asuba suka tashi. Shanu goma sha ɗaya, ba su bar ko ɗaya ba. Shi yana kan jaki, a kwance, nauyinsa ya karkata gefe guda. Lami ce ke gaba tana jan igiya."

"To mu bi su."

"Mai waiwaye, ya Umda, ƙafarsa takan ɗan karkace a ƙasa. Na bi sawun matar nan har bakin rafi. Ko sau ɗaya bai karkace ba."

"Ka dai nuna mana hanya."

"Na ga hanyar," in ji Arzika. "Ba zan nuna ba."

Ya gyara ɗaurin hannunsa, ya ratsa tsakanin mutanen da ke tsaye da itace a ka, ya kama hanyar gonarsa.